Baƙin da ke Yatsun Umma

Shafi na 23

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, ga naku. Masu zagin Auta kuma, kuna cewa boko ya cinye mata tausayi, ku karanta wannan shafin tukuna, sannan ku zo mu zauna.

Kwana goma sha ɗaya rabon Auta da gidansu. Farfesa ne ya tura ta taro a wani gari, ya ce ta je ta wakilce shi, abin da bai taɓa yi ba a shekara huɗun da ta yi tana bincike a ƙarƙashinsa. Har daɗi ta ji, baiwar Allah, har da sayen sabon takalmi. Yau da safe ta sauka, ta zarce ɗakin gwaji da jakarta a hannu, ta buɗe firij ta ƙirga kwalabenta kamar yadda ta saba. Sha biyu ta bari. Sha ɗaya ta tarar.

Ga wanda ya shigo mana a tsakiya, aikin Auta ba tsafi ba ne. Ganyen gwaba take tafasawa ta tace, ta ɗiga ruwan a cikin narkakken gishirin azurfa. Ruwan da yake garau sai ya juye ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta. Alamar ke nan azurfar ta koma ƙwayoyi mitsi-mitsi da ido ba ya gani, kuma ƙwayoyin nan suna kashe cutar da ke hana miki warkewa. Amma fa a kan farantin gilashi. Ko a jikin ɓera ba a kai ga gwadawa ba, Farfesa ya tafi gidan rediyo ya buɗe baki ya ce sun gano maganin gyambo.

Tun daga ranar Auta ba ta ƙara shan ruwa da daɗi a gidansu ba. Baba tela ne, shekara arba'in yana taka keke da ƙafar dama, kuma a ƙafar nan ciwon suga ya buɗe masa miki. Likita ya ce a cire yatsu biyu a tsirar da sauran ƙafar, har ya sa rana. Umma da Yaya suka ce ina, ga magani a hannun 'yar gida za a yanke wa mutum yatsu? Auta ta ce ba magani ba ne tukuna. A kan haka suka rabu. Tana can wajen taro ta kira gida ranar da aka sa za a yi aikin ƙafar, Yaya ya ce asibiti ne suka ɗaga.

La'asar sakaliya Auta ta yi sallama a gida. Umma na tsakar gida tana kwashe shanya.

"Sannu da zuwa, 'yan taro," in ji Umma, ko juyowa ba ta yi ba. "An gama ceton duniya?"

"Umma, ina wuni. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Sauƙi sosai ma."

Yadda ta faɗi "sosai" ɗin ne ya tsaya wa Auta a rai. Wata biyu ke nan ba a amsa wannan tambayar a gidan nan sai da ajiyar zuciya. Umma ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙo mata. Auta ta kai hannu, ta tsaya.

Yatsu uku na hannun Umma sun yi baƙi ƙirin, babban yatsa da manuni da na tsakiya, har ƙarƙashin farce.

"Umma, me ya sami hannunki?"

"Gawayi."

"Yaushe rabon gidan nan da gawayi?"

Umma ta janye hannun ta cusa a cikin mayafi. Ta makara. Auta ta san baƙin nan kamar yunwar cikinta. A shekararta ta farko ta taɓa manta safar hannu, ta yi mako biyu da irin waɗannan yatsun, babu sabulun da ba ta gwada ba. Gishirin azurfa ba ya nuna kansa lokacin da ya taɓa fata. Sai mutum ya fita rana, sannan ya fito fili.

"Ina kwalbar?"

"Wace kwalba?"

"Umma, don girman Allah. Kwalbata mai jan zare a wuya."

Umma ta ajiye kayan shanyar a kan kujera, a hankali, ta gyara tsayuwa.

"To, tunda kin gani, kin gani. Tana ɗaki. Kuma ta yi mana abin da ke kika ƙi yi."

Daidai nan Yaya ya shigo daga ƙofar gida yana goge hannu da tsumma. Shi ne babban wansu, direban babbar mota, mutumin da tun suna yara in ya yi magana ba a maimaitawa. Da alama ya jima a bakin ƙofa yana sauraro.

"Ni na karɓa," ya ce. "In faɗa ne, ga ni. Ki ƙyale Umma."

"Wa ya buɗe maka ɗakin gwaji, Yaya?"

"Kin taɓa ganin na ɗauki abin wani? Har gida aka kawo mana."

"Wa ya kawo?"

"Farfesan naki."

Auta ta dube shi, ta dubi Umma. Ta so ta ce ƙarya ne, sai dai Yaya duk halinsa ba ya iya shirya ƙarya mai tsawo.

"Washegarin tafiyarki ya zo," in ji Umma. "Babban mutum kamarsa, ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa gaban mahaifinku, yana ce masa Baba. Ya ce ya san halinki, tsoro gare ki, karatu ya yi miki yawa. Ya ce mu ba shi kwana goma kacal. In bai ga canji ba, mu tafi asibitin."

"Asibitin da kuka ce sun ɗaga?"

Yaya ya kawar da kai, ya hau ninke tsumman da ke hannunsa.

"Ni na ɗaga. Na kira su na ce mun yi tafiya."

Sai yanzu Auta ta gane taron. Kwana goma sha ɗaya tana tsaye gaban baƙi tana nuna hotunan faranti, ana tafa mata, tana jin ta zama wani abu. Ashe kawar da ita aka yi, kamar yadda ake ɗage kujera in za a yi shara.

"Na gaya muku ba a gama ba," ta ce. "Na rantse muku. Na ce ko a jikin ɓera..."

"Ɓera." Umma ta katse ta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Shekara nawa mutumin nan yana taka keke don ki yi karatun nan? Idonsa a kan allura ya ƙare. Gwabar da kike tsinka kina tafasawa, ga ta can, shi ya dasa ta da hannunsa. Ranar da ya buƙace ki, kika dube shi kika ce sai ɓera ya fara. Uban da ya haife ki ya bi layi a bayan ɓera, Auta. Bare ya ji tausayinmu, 'yar cikina tana karanta mana doka."

Maganar ta shige ta har ɓargo, don Umma ba ƙarya ta yi ba. Haka Auta ta faɗa, ko da yake ba haka take nufi ba. Wannan ne ciwon Auta tun tana ƙarama: tana da gaskiya, amma ba ta iya faɗinta yadda za a so ta.

Ta ciro waya ta kira Farfesa, ta saki muryar a fili don kowa ya ji. Bugu biyu ya ɗauka.

"Ɗalibata, kin dawo lafiya? An ce kin burge su ƙwarai."

"Yallaɓai, ina gidanmu."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta rediyo.

"To, madalla. Da ma so na yi in yi miki albishir da bakina. Ki kwantar da hankalinki, sakamakon nan zai kai mu inda ba ki zata ba. Mutum na farko da aka..."

"Mahaifina ne."

"Shi ya sa ai. Na ce alherin ya fara daga gida."

Umma ta gyaɗa kai tana duban Auta, irin duban nan na kin ji ko.

"Wace kwalba ka ɗauka, Yallaɓai?"

"Wadda ta fi duhu mana. Ita ce ta fi ƙarfi."

"Ka ga zare a wuyanta?"

"Wane zare kuma?"

Shekara goma rabon Farfesa da sa safar hannu. Ofis ya sani, da taro, da gidan rediyo. Amma duk wanda ke shiga ɗakin gwajin nan ya san tsarin Auta, tsarin 'yar tela. In ta wanke ƙwayoyin sau uku a injin juyi, ta kore ragowar gishirin, sai ta ɗaura wa kwalbar koren zare. Wadda ba a wanke ba kuwa jan zare take ɗaura mata. Har mai shara ya san wannan, ba ya kusantar ja. Mai ɗakin ne kaɗai bai sani ba.

"Jan zare ne a wuyanta, Yallaɓai. Ba a wanke ta ba. Gishirin yana nan ɗanye, kuma ninki biyu na zuba, don ina gwada iyakarsa ne. Ƙona nama yake yi. Shi ake ɗiga wa mai ciwon suga a buɗaɗɗen miki, safe da yamma, yau kwana goma."

Da ya sake magana, dariyar ta fita daga muryarsa tas.

"Ban gane kwalbar da kike magana a kai ba."

Yaya ya matso da sauri ya sunkuya kan wayar.

"Ranka ya daɗe, ni ne, wan Auta. Kwalbar da ka kawo mana ran nan, wadda ka ce..."

"Au, ba ke kaɗai ba ce?" Ya yi gyaran murya. "Malam, ni dubiya na zo, kamar yadda kowane malami zai duba mahaifin ɗalibarsa. In wani abu ya fita daga ɗakin gwaji, a tambayi mai riƙe da makulli. Rubutun wa ke jikin kwalbar? Wa ya haɗa ta? Ki same ni a ofis gobe da safe, kuma ki yi tunanin digirinki kafin ki buɗe baki a ko'ina."

Ya kashe.

Yaya ya tsaya da baki buɗe. Can ya zaro tasa wayar yana cewa ai yana da shaida, kullum da safe yana ɗaukar hoton ƙafar ya tura wa Farfesa, shi kuma yana amsawa. Ya buɗe wurin saƙon, Auta ta leƙa. A gaban idonsu amsoshin Farfesa suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, sai ɗan rubutun nan da ke cewa an goge. Kafin Yaya ya gama salati babu ko ɗaya.

"Mutumin da ya zauna a nan," in ji Umma, tana nuna ƙofar ɗakin Baba da baƙin yatsanta. "Ya sha ruwa a kofin nan."

Auta ba ta ji daɗin cin nasara ba ko kaɗan. Da ma ita ce mai laifin, da ma tsoron banza ne take yi, da ta yarda a zage ta har ƙarshen rayuwarta.

"Amma dai maganin ya yi aiki," Yaya ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, kamar mai roƙo. "Ko ba a wanke ba, ya yi aiki. Zafin ya tafi. Baƙin ma Farfesa da kansa ya ce ba komai ba ne."

"Wane baƙi?"

"Na ƙafar. Rana ta huɗu wurin ya fara baƙi, na tsorata, na tura masa hoto. Ya ce azurfa ce, haka take yi, in duba hannun Umma in gani. Na duba, iri ɗaya ne sak. Ya ce alamar magani na shiga ke nan, mu ƙara ɗigo biyu."

"Farfesan sinadarai ne, Yaya. Ko yankan wuƙa bai taɓa ɗaurewa ba."

"Ai Farfesa ne," in ji Yaya. "Likitan ma a ƙasansa yake."

Daga cikin ɗaki muryar Baba ta fito, a sake, cike da fara'a.

"Muryar wa nake ji kamar ta Autata? Za ku bar ta ta shigo, ko sai kun gama cinye ta a tsakar gida?"

Ta tuɓe takalmi ta shiga. Hayaƙin turare ya cika ɗakin har yana yaji a ido, an kunna a kusurwa biyu. A ƙarƙashin turaren akwai wani wari, mai nauyi, mai ɗan zaƙi-zaƙi, wanda hancinta ya kama tun daga bakin ƙofa. Umma da ke kwana a ciki ta daina jin sa.

Baba na kwance a gadonsa kusa da taga, ƙafar a kan matashi, naɗe da bandeji. Ya rame, amma fuskarsa a washe take. An yaye ƙyallen da ke rufe keken ɗinkinsa, an goge shi, har an sa masa mai.

"Baba, sannu. Ya jiki?"

"Jiki ya yi kyau, 'yar albarka. Kwana huɗu ke nan ban ji ko ɗis ba. Kin san rabona da barci mai daɗi? Na ce wa Yayanki ya shafa wa keken mai, mako mai zuwa zan gwada takawa. Rigunan mutane na nan jibge, kunya ta ishe ni."

"To, Baba."

"Na gaya wa Ummanku, yarinyar nan ba rowa take yi ba, tsoro ne. Ni na san abin da na haifa. Ga shi ashe hannunki ne zai tashe ni." Ya lalubo hannunta ya riƙe. "Kowa ya zo dubiya sai na ce masa, Autata ce ta haɗa, daga ganyen gwabar gidan nan."

Da zaginta ya yi, da ta iya ɗauka. Ta sunkuyar da kai, ta ce tana so ta ga wurin.

"Duba mana, ai aikinki ne. Ni idon nan ba ya kai wa can, su suke ba ni labari."

Ta durƙusa a ƙarshen gadon ta fara warware bandejin. Umma da Yaya suna tsaye a bakin ƙofa. Zagaye na farko fari ne, na biyu ya jiƙe, na uku ya manne sai da ta ɗiga masa ruwa. Baba bai ko motsa ba, yana ta ba ta labarin wani mai riga da ya zo sau uku. Ta ɗaga audugar ƙarshe.

"Kin gani?" in ji Umma da sauri, ta miƙo hannunta kusa da ƙafar. "Iri ɗaya ne. Nawa ma ba ya ciwo."

"Umma, daga ina zuwa ina kike ɗigawa?"

"Yatsun nan biyu kawai. Inda mikin yake."

"Ba ki taɓa zubawa a sama ba?"

"Me zai sa? Can ai lafiya lau yake."

Baƙin da ke hannun Umma ya tsaya a gaɓar farko, daidai inda ruwan ya taɓa, don azurfa ba ta tafiya, inda aka ajiye ta nan take zama. Baƙin da ke ƙafar Baba ya bar yatsu biyun, ya kama sauran ukun, ya cinye bayan ƙafar, yana hawa zuwa idon sawu. Daga inda ya tsaya fatar ta kumbura ta yi ja tana sheƙi. Auta ta ɗora tafin hannunta a kai. Sanyi ƙalau, a wannan zafin.

Ta ɗago ta dubi Yaya. Ya jingina da ƙyauren kawai, tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Ya kika gani, likitar gidanmu?" in ji Baba.

"Ina zuwa, Baba. Akwai ɗan gwajin da zan yi."

Ta miƙa hannu kan keken ta zaro allura daga ɗan matashin allurai.

"Ka rufe ido. Zan ɗan taɓa ka da allura. Da ka ji, ka ce mini."

"Allurata za ki soka mini? To, bismillah. Amma a hankali, kin san ni da raki."

Ya rufe ido yana murmushi. Ta soka a babban yatsa. Ta soka a bayan ƙafar. Ta matsa sama, ta soka a idon sawu, da ƙarfi, har allurar ta shige. Umma ta sa baƙaƙen yatsunta ta toshe bakinta. Auta ta haura taƙi ɗaya sama da idon sawu, inda likita bai taɓa ambata ba, ta sake sokawa.

Baba ya gyara kwanciya, idonsa a rufe.

"To, Auta, ki fara mana. Ina jira."